Tuta Takwas a Bayan Eilif

Shekara hamsin da shida Oddvar Lunde ya yi yana tseren taswira, kuma ko a ƙuruciyarsa ba a taɓa lissafa shi cikin masu gudu ba. Ido aka san shi da shi. Ka miƙa masa taswira da kamfas mai nuna arewa ka sake shi a dajin da bai taɓa takawa ba, sau ɗaya zai duba takardar, ya ɗaga kai, ya nufi tutar da aka ɓoye kai ka ce shi ya kafa ta da hannunsa. Samari su wuce shi a guje, bayan minti goma ya tarar da su suna zagaye wani tudu suna zage-zage, shi kuwa ya taɓa katinsa a na'urar da ke jikin tutar ya yi gaba abinsa.

Da tsufa ya zo sai abin ya juya. Sa'o'insa gwiwa ta zaunar da wasu, zuciya ta zaunar da wasu, shi kuwa ƙafafunsa suka tsaya daram, don shekara talatin ya yi yana auna wa hukuma gandun daji, kullum a ƙafa. Idon da yake taƙama da shi ne ya ci amanarsa. Wata safiya a watan Janairu, yana da shekara saba'in da biyu, ya kalli ƙofar kicin ya ga katakonta ya lanƙwashe a tsakiya. Ya rufe idon dama, ƙofa ta miƙe. Ya buɗe, ta sake lanƙwashewa. Likitar ido ta ce tsakiyar idon ce ke lalacewa, na dama ya yi nisa, na hagu ya fara bin sahu. Ba zai makance ba, in ji ta, zai riƙa ganin hanya da bishiyoyi da mutane, amma ƙananan rubutu gara ya fara haƙura da su.

Da ya koma gida ya ce wa matarsa Aslaug tabarau kawai za a canja masa. Shekara arba'in da bakwai suna tare. Ta ga ya daina buɗe jarida, ta ga yana miƙa mata makullin mota da sunan wai kafaɗarsa na ciwo, ta riƙa karɓa tana tuƙa su. Ya sayo gilashin ƙara girma irin wanda ake maƙalawa a kan kamfas, wanda rabin tsofaffin kulob ɗinsu suke da shi, don haka ba wanda ya yi tambaya. Da wannan gilashin, idan akwai rana, idan kuma ya karkata kai ya duba da gefen ido, yana iya karanta taswira, a hankali, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.

A watan Yuli aka yi babbar gasar tsofaffi ta duniya a tsaunukan da ke saman garin Oppdal. Mutum dubu uku da ɗoriya suka zo daga ƙasa kusan arba'in, daga masu shekara talatin da biyar har zuwa wata tsohuwa 'yar Finland mai casa'in da ɗaya da ke tafiya da sanda biyu. Filin da ke gindin tsauni ya cika da tantuna da motocin kwana, ko'ina rigunan kulob ne a shanye da takalma masu ƙusa. A kwana biyun share fage rana ta fito tas, hanyoyin kuma a fili suke, tafki nan, ƙaton dutse can. Oddvar ya yi kyau fiye da yadda ya zata, ya shiga cikin goman farko na ajin masu saba'in. A ranar ƙarshe ana sakin mutane ɗaya bayan ɗaya, tazarar minti biyu, waɗanda suka fi ƙoƙari su ne na baya. Da aka kafe jerin sunaye, Aslaug ta karanta masa ba tare da ya roƙe ta ba. Wanda zai tashi minti biyu kafin shi Eilif Moen ne.

A gari ɗaya suka tashi da Eilif, a kulob ɗaya, har ɗaki ɗaya suka sha kwana a tafiye-tafiyen gasa. Shekara talatin da huɗu da suka wuce, a wani tseren ƙasa, an ga Eilif ya fito daga daji a bayan wani ɗan Sweden, taku biyar tsakaninsu, aka fara raɗe-raɗin bin mutumin ya yi. A wannan wasa babu abin kunyar da ya kai bin bayan wani. Ka ɓace, ka yi awa uku a daji, ka zo na ƙarshe, duk za a yi maka dariya a sha kofi tare. Amma ka bar wani ya karanta maka taswira ka ci da guminsa, wannan sata ce. A walimar ƙarshen shekara Oddvar ya miƙe a gaban mutum tamanin, ya ce akwai kyauta ta musamman, ya zaro jelar saniya da ya samo a mahauta, an ɗaura mata jan ƙyalle, ya miƙa wa Eilif. Aka yi dariya har da buga tebur. Tun daga ranar sunan Eilif ya koma Jela. 'Ya'yansa a makaranta 'ya'yan Jela ne. Bayan shekara biyu ya canja kulob, ya koma na garin da ke tsallaken tafki, amma sunan ya riga shi tsallakawa.

Da safen ranar ƙarshe suka haɗu a wurin tashi, can sama inda bishiyoyi suka ƙare. Eilif ya rame, wuyansa duk jijiya, yana sanye da shuɗiyar rigar kulob ɗinsa mai ratsin rawaya a kafaɗa, ya durƙusa yana liƙe igiyar takalminsa da salatif. Oddvar bai yi niyyar magana ba, amma baki ya saba.

"Jela, yau kai ne a gabana. To wa za ka bi?"

Wasu tsofaffi biyu 'yan ƙasarsu suka yi 'yar dariya. Eilif ya yanke salatif da haƙori, ya miƙe, ya ce ai ba a rasa na bi a duniya, ya wuce layi.

Tuta goma sha uku ne a hanyarsu, kilomita huɗu da ɗan kai. Biyar na farko a kan tsauni suke, a fili, rana na haskawa, tumaki na kiwo da ƙararrawa a wuya. Oddvar ya ji jikinsa kamar na ɗan arba'in. Ta farko a bakin tafki, ta biyu a gindin wani dutse da ke tsaye shi kaɗai, ta uku inda ƙorama biyu suka haɗu. Irin waɗannan ko da rabin ido ana samunsu. Yana hawan gangaren zuwa ta biyar ya hangi shuɗiyar riga a gabansa, ya san ya cinye minti biyun da ke tsakaninsu.

A nan gajimare ya sauko. Ba wani ruwa aka yi ba, yayyafi ne siriri irin wanda ba ya faɗuwa sai dai ya manne. Kafin ya taɓa tuta ta biyar tsaunin ya ɓace, taku talatin kawai ake gani. Ya ɗaga taswira, gilashin ya cika da ɗigon ruwa. Ya goge da riga, rigar ma a jiƙe take. Tabaransa ya yi tururi, ya cire, ya mayar. Daga nan hanya ta gangara cikin wani wuri mai ƙananan tuddai bila adadin, kowanne kamar ɗan'uwansa, da fadamu a tsakani, wurin da masu tsara hanya suka ajiye don a rarrabe gwani da ɗan koyo. Da shekara biyar baya ne, a nan Oddvar zai yi murmushi. Yanzu layukan taswirar suka cuɗe masa kamar tsutsotsi a gwangwani. Jan da'irar da ke nuna tuta ta shida yana ganinta, amma abin da ke cikinta, tudu ne ko dutse ko rami, bai sani ba.

Shuɗiyar rigar tana shirin shigewa cikin hazon. Ya ce a ransa ai hanya ɗaya ce, ko da Eilif ko babu can zai nufa, zai ɗan gangara tukuna ya ga ko haske zai dawo. Ya bi. Suka ratsa tsakanin tuddai biyu, suka tsallake wata 'yar ƙorama, Eilif ya karkata hagu, sai ga tutar a bayan wani dutse inda Oddvar ko a mafarki ba zai duba ba. Ya bari Eilif ya ɗan yi nisa, sannan ya taɓa katinsa.

Ya tsaya a wurin daƙiƙa biyar ko shida. Ya san abin da ya kamata. Ya zauna a kan dutsen ya jira hazo ya ɗaga, ko ya saita kamfas yamma ya sauka titi ya koma ya ce ya fasa. Tsofaffi da yawa sun yi haka, ba wanda ya mutu. Sai ya tuna Aslaug a bakin layin ƙarshe, da 'yan kulob, da tambayar da za su yi, kai Oddvar ka ɓace? Ya ɗaga kai, ratsin rawayan na nan, ya sake bi.

Daga nan bai ƙara yi wa kansa bayani ba. Taswirar dai ya riƙe a gabansa, babban yatsa a kai, yana ɗan sunkuyar da kai lokaci zuwa lokaci, don duk wanda ya gitta ya ɗauka karatu yake yi. Ta bakwai ta zo. Da suka bar ta Eilif ya yi wani abu da ya ɗaure masa kai. Allurar kamfas babba ce, wannan kam Oddvar na iya ganinta, da jan layin da ya haɗa da'ira da da'ira, kuma sun nuna arewa ya kamata a nufa. Eilif ya yanki gabas, ya faɗa wata fadama. Ruwa ya kai gwiwa, sanyi kamar ana yanka ƙafa. Duk jikin Oddvar ya gaya masa ba nan ba ne, shekara hamsin da shida na gaya masa ba nan ba ne, ya bi duk da haka, yana cire ƙafa daga laka yana sakawa a inda ɗayan ya cire tasa.

A ɗaya gaɓar Eilif ya tsaya cak. Bai waiwayo ba. Ya tsaya ne kawai yana duban taswirarsa, ya daɗe. Oddvar na taku goma sha biyar a bayansa, a fili, babu bishiya babu dutse. Ya rasa yadda zai yi da kansa, sai ya durƙusa yana ɗaure igiyar takalmin da ba ta kwance ba. Ya kwance ta ya sake ɗaurawa. Yana jin numfashinsa da ƙararrawar tunkiya can nesa. Can Eilif ya ninke taswirarsa, ya juya arewa, ya kama gudu, Oddvar ya miƙe ya bi.

Haka suka yi ta takwas, da ta tara, har ta goma sha uku a bakin titin da ke sauka fili. Daga nan igiyoyi ne da jama'a da lasifika. Oddvar na da sauran ƙarfi, da ya so da ya wuce Eilif a mita ɗarin ƙarshe. Bai wuce ba, kuma a lokacin har ya ɗauki hakan mutunci ne. Ya shigo daƙiƙa huɗu a bayansa. Amma shi ya tashi minti biyu a baya, don haka agogo ya ba shi minti ɗaya da daƙiƙa hamsin da shida. Mai lasifika ya kira sunansa da na kulob ɗinsa, ya ce ga sabon na ɗaya, ga tsohon gwani da hazo ba ya rikitawa. Eilif ya miƙa katinsa, ya karɓi kofin ruwa, ya tafi ba tare da ya dubi kowa ba.

Mutum biyu daga na baya suka fi shi, wani ɗan Switzerland mai suna Gion Caduff da wani ɗan Sweden. Sauran hazo ya tarwatsa su. Oddvar ya zo na uku a duniya. Eilif na biyar.

'Yan kulob suka rufe shi, wannan ya daki kafaɗa, wannan ya miƙa kofi, wata ta cusa masa waina mai cuku a hannu. Ya ci bai ji ɗanɗano ba. Sai ga Gion Caduff ya zo, ɗan gajere mai farin gemu, fuskarsa cike da fara'a, da taswirarsa a jiƙe. Al'ada ce, bayan tsere kowa ya baje tasa a gwada hanyoyi, kuma ga tsofaffi wannan ya fi tseren daɗi. Da guntun Jamusanci da nuni da yatsa Gion ya ce shi ta tara ce ta wahalar da shi, ya bi ta saman dutse ya yi asarar minti guda, amma ya ga a takardar lokuta, mai nuna lokacin da kowa ya taɓa kowace tuta, Oddvar ya fi kowa sauri a nan. Ta ina ya bi? Ya miƙo taswirar da biro.

Mutum shida ko bakwai suka matso su gani. Oddvar ya karɓi biron. Ya san ya tsallake ruwa sau biyu, ya san ya zame a kan wani falalen dutse, bayan wannan abin da ya gani bayan rigar mutum ne. Ya ɗora biron a takardar ya ja wani layi a tsakanin da'ira biyun. Gion ya sunkuya ya duba, ya ɗago, ya sake dubawa. Ya ce cikin ladabi ai nan gangaren dutse ne mai tsawon mita goma. Oddvar ya ce hannunsa ne ke rawa don sanyi, ɗan gefe yake nufi. Gion ya ce haka ne, haka ne, sanyi ba kyau, ya karɓi bironsa. Ba wanda ya yi dariya. Wani daga cikin 'yan kulob ya fara zancen ko za a samu wurin wanka da ruwan zafi.

Da la'asar aka raba lambobin yabo. Ya hau akwatin na uku, ya sunkuya aka rataya masa lambar tagulla, aka ba shi furanni da ɗan cukun garin a kwali. Ya ɗaga hannu da aka ce a ɗaga. Daga sama fuskokin jama'a duk sun narke masa, sai launin riguna, kuma duk inda ya juya sai ya ga kamar akwai shuɗi da rawaya.

A motar kwanansu Aslaug ta ɗora dankali a wuta, ta zauna da takardar lokuta a cinyarta. Ita ma ta yi tseren shekara ashirin kafin ƙugu ya hana ta, ba ta buƙatar a fassara mata lambobi. Ta ce daga ta shida zuwa ta ƙarshe lokacinsa da na Eilif ba su taɓa rabuwa da fiye da daƙiƙa goma ba, har kuskuren ta takwas tare suka yi. Ta ce takardar nan tana manne a allo, kowa ya gani. Oddvar ya ce ai yakan faru. Ta ce yakan faru, ta tashi ta duba dankalinta, ta dawo.

"Tun Janairu nake jira ka gaya mini abin da likitar ta ce."

Ya gaya mata, bai dube ta ba. Ta saurara har ya gama, ta tambayi sunan ciwon da ranar da zai koma asibiti, ta rubuta a bayan takardar. Game da lambar ba ta ce ya yi kaza ba. Ta ɗauke ta daga kan tebur don ta shimfiɗa faranti, ta rasa inda za ta ajiye, ta miƙa masa.

Da gari ya waye ya je neman Eilif. Ya same shi a ƙarshen filin, yana naɗe tantinsa shi kaɗai, don matarsa ta rasu shekara uku da suka wuce, kuma Oddvar bai je jana'izar ba. Ɗan risho na ci a kan dutse da butar kofi. Oddvar ya tsaya, hannu a aljihu. Sunan da ya saba kira ya zo masa baki, ya haɗiye shi, ya ce, "Eilif." Shekara talatin da huɗu rabon da ya furta shi.

Eilif ya zuba kofi a murfin buta ya miƙa masa, shi ya sha nasa a kofi. Oddvar ya fara bayani, ya ce ido, ya ce hazo, Eilif ya katse shi ya ce tun ta shida ya sani. Ya ce mutum mai numfashi kamar tsohon doki ba ya ɓuya. Da farko ya zata hanya ce ta haɗa su, sai ya ce bari ya gwada.

"Fadamar nan da gangan na shiga. Na ce Oddvar Lunde ba zai taɓa bin mutum cikin wannan shirmen ba, zai yi arewa, in huta. Sai na ji ka faɗo ruwa a bayana."

Ya ce da ya tsaya a gaɓa jira yake Oddvar ya yi magana. Da ya ce Eilif ba na gani, da ya kai shi har layin ƙarshe, su shigo tare, su gaya wa alƙalai, shi ke nan. Ya ba shi kusan minti guda. Sai ya ji shiru, sai ƙarar igiyar takalmi. Minti uku gwajin ya ci masa, ya ce, kuma ya duba allo, ba don su ba da shi ne na uku.

Oddvar ya zaro lambar daga aljihu. Eilif ya dube ta kamar an nuna masa mataccen kifi, ya ce ya mayar, shi na biyar ya zo, ko an cire Oddvar na huɗu zai koma, kuma wautar shiga fadama tasa ce ba ta kowa ba. Ya ci gaba da cire turakun tanti. Oddvar ya ce maganar jelar nan, bai kyauta ba. Eilif ya goge laka daga wani turke a wandonsa.

"Ai na bi mutumin. Gaskiya ka faɗa. Tuta biyu na bi shi, na kwana uku ban yi barci ba, tun kafin ka kawo jelarka. Biyu, Oddvar. Kai takwas ka yi."

Ya faɗi haka ba da ɗaga murya ba, har da ɗan murmushi a gefen baki. Ya ce 'yarsa ta fari har yau ba ta zuwa kallon tsere. Sannan ya karɓi murfin butarsa, ya zubar da sauran kofin, ya ce yana da tuƙin awa biyar a gabansa.

Tantin ofishin gasa an fara kwashe shi. Oddvar ya sami wata mata cikin alƙalai tana naɗe wayoyi, ya ce ya zo a cire sunansa. Ta ce ba wanda ya kai ƙara, lokacin ƙara ma ya wuce, kuma a hazo irin na jiya rabin dajin bin juna aka yi. Ta dube shi da tausayi irin wanda ake yi wa tsoho mai rigima. Ya ce shi ba rabin daji ba ne, tuta takwas bai karanta ko ɗaya ba. Ta yi ajiyar zuciya, ta lalubo takarda ta ce to ya rubuta a nan ya sa hannu. Ya sunkuya a kan takardar, layukan suka lanƙwashe suka hau juna. Akwai mutane uku a bayansa suna jiran tambayar kayan da suka ɓata. Ya ajiye biron ya ce ba ya gani, ta taimaka ta rubuta. Ta rubuta, yana faɗa tana maimaitawa da ƙarfi don ta tabbatar, na bi bayan mai lamba kaza daga tuta ta biyar, sannan ta ɗora yatsanta a inda zai sa hannu.

Tagullar ta tafi ga wanda ya zo na huɗu, wani ɗan Finland da ya riga ya hau jirgin ruwa, aka aika masa ta gidan waya. Aslaug ce ta tuƙa su gida. A hanya sun tsaya sau ɗaya sun ci burodi da cukun nan na kwali, don ita ta ce cuku ba a mayar da shi.

A taron kulob na watan Agusta Oddvar ya nemi izinin magana. Ya miƙe a ɗakin da aka saba walima, ya faɗi abin da ya yi, ya faɗi wanda ya bi. Mutum goma sha tara ne a wurin, kuma ya lura babu wanda ya yi mamaki. Wani ya ce ai da ya yi shiru da ya wuce, wata ta ce Allah sarki, ido ba wasa ba ne. Ya so a ce wani ya yi masa ba'a, ko a laƙaba masa suna, ko a buga tebur, ba wanda ya yi. Shugaban taro ya gode masa, ya duba takardarsa, ya ce abu na gaba shi ne rufin ɗakin ajiya da ke yoyo, ana neman mutum huɗu ranar Asabar. Oddvar ya zauna, ya ɗaga hannu cikin huɗun. Aka ce masa a hankali hawa rufi dai a bar wa wasu, amma yana iya riƙe tsani. Ranar Asabar ya je ya riƙe.